Hannu a Bayan Kunne

Wata biyu ke nan da na bar gidan nan na unguwar Zamalek, amma har yanzu in yaro ya yi tari a cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, sai in ji hannuna ya kai kan jakata tun kafin in san abin da nake yi. Yayata ce ta ce in rubuta, wai abin da aka zuba a takarda yana rage nauyi a ƙirji. Ban ga alama ba tukuna.

Ni 'yar Maraɗi ce. Na yi lakwal, wato boko, har ajin ƙarshe na lise, babbar sakandare, jarrabawar bak ce ban samu ba. Yayata ta kawo ni Alƙahira in taya ta reno lokacin da ta haifi tagwaye. Mijinta yana karatun fiƙihu, muna zaune a wata shaƙƙa, wato sashen bene, mai ɗaki biyu a unguwar Faisal, hawa na shida, babu asansa, na'urar hawa bene. Da tagwayen suka fara tafiya, sai wata Bahausar Sudan da ke yi wa Turawa girki ta ce akwai wasu 'yan Beljik a Zamalek da ke neman mai reno wadda ta iya Faransanci. A karon farko a rayuwata na ji karatun da na yi zai yi mini rana.

Ranar da zan fara, Yaya ta tsayar da ni a bakin ƙofa tana gyara mini hijabi.

"Ke 'yar nan, buɗe kunnenki da kyau. Ɗan Bature ba ɗan maƙwabta ba ne. In ya faɗi ya goge gwiwa, ke za a tambaya. In abin ya wuce haka, Allah Ya kiyaye, ba wanda zai tambayi uwarsa ina take. Iƙamarki kuma, takardar zamanki a ƙasar nan, ta zaman gida ce, ba ta aiki ba. Kin gane?"

Na ce na gane. Dariya ma na yi.

Yarinyar da zan rena 'yar shekara huɗu ce, siririya, gashinta kamar gezar masara. Tana da asma. Kafin Madam, uwarta, ta nuna mini ɗakin wanka ko kicin, sai da ta sa mini bakhakha a hannu, wato abin nan shuɗi da ake fesa wa mai asma a baki in numfashi ya sarƙe. Ta nuna mini yadda ake girgiza shi da yadda ake dannawa. Guda biyu ne a gidan. Ɗaya yana cikin jakar hannunta duk inda za ta, ɗaya kuma a wani ɗan kwando a kan firij. Kowace safiya in na shigo, kafin in cire takalmi, sai na miƙa hannu na taɓa kwandon nan.

Da ina tsammanin ɗan Beljik ɗan Beljik ne, kamar yadda Bamisire yake Bamisire. Kofunan shayi ne suka fara gyara mini zato. Na Mushe, wato maigidan, rawaya ne da baƙin zaki a jiki, na Madam ma rawaya, amma da jan zakara. Na taɓa zuba wa Mushe kofi a na zakara. Ya tashi ya juye a nasa, ya ɗauraye wancan ya kife.

A hankali na haɗa labarin. Ƙasar tasu, wadda Madam ta ce mota tana ratsa ta kafin a gama hira, rabe take biyu. Mutanen arewa su ne Filaman, yarensu irin na Holan ne. Mutanen kudu su ne Walon, Faransanci suke yi. Kowane ɓangare da makarantunsa, da talabijin ɗinsa, da jaridunsa, da jam'iyyunsa. Mushe Bafilamane ne, Madam 'yar Walon. Madam ta ce mini mutanen mijinta sanyi ne da su kamar ƙanƙara, ba su san komai ba sai aiki da agogo, tun da suka yi arziki kuma suke wa kowa kallon almubazzari. Mushe ya ce mini, da Faransanci mai kyau kuwa, mutanen matarsa sun daɗe suna hawan kansu lokacin da ma'adinai da masana'antu suke kudu, yanzu abin ya kife amma girman kan bai kife ba. Kowannensu a kicin ya gaya mini, yana rage murya, kamar ni ce alƙali.

A halinsu ma ana gani. Madam kowace safiya sai ta manna mini kumatu ta tambayi tagwaye. Mushe ɗaga kai kawai yake yi, amma bai taɓa manta ranar hutuna ba, ita kuwa sau nawa. Tsakaninsu su biyu Ingilishi suke yi, don kada wani ya sauko wa wani. Shekara tara da aure, Madam ba ta iya kalma ashirin a yaren mijinta ba. Na sha jin ta a waya da ƙanwarta tana kwaikwayonsa, tana kaki daga maƙogwaro kamar mai fitar da majina, suna ƙyalƙyala dariya, yarinyar tana zaune a ƙasa tana wasa da 'yar tsana.

Duk wannan nasu ne, ban damu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dokar da suka kafa wa yarinyar.

Uba yaren Filaman kaɗai yake mata, uwa Faransanci kaɗai. Wannan ba laifi. Amma in ta kuskura ta yi wa ubanta magana da yaren uwa, sai ya kai tafin hannunsa bayan kunne, ya karkata kai, ya yi fuskar kurma, har sai ta maimaita da nasa. Uwar ma haka take yi, hannun ɗaya, karkata kan ɗaya. Wai wata masaniya ce a ƙasarsu ta ce haka ake yi in ana so yaro ya riƙe harsuna biyu. A duk gidan nan, wannan hannun ne kaɗai abin da na ga sun yi tarayya a kai. Yarinya ta zo da gudu ta ga kyanwa a baranda, bakinta cike da labari, sai ta ci karo da hannu. Ta tsaya, ta haɗiye, ta lalubo kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta gama, kyanwar ta tafi, daɗin ma ya tafi.

Sai ya zama kafin ta buɗe baki sai ta dubi fuskar mutum tukuna. Na san irin kallon nan. A firamarenmu akwai wani ƙahon rago da aka ɗaure da igiya. Duk wanda aka ji ya yi Hausa a harabar lakwal sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya yi ta farautar wani har a tashi, wanda ƙahon ya kwana a wuyansa ya sha bulala da safe. Haka muke duban juna kafin mu yi magana. Ban taɓa zaton zan tarar da kallon nan a fuskar 'yar Bature a bakin Nilu ba.

Wuri ɗaya ne take sakin baki, wajen bawwab, dattijon da ke gadin ƙofar ginin, mutumin Aswan mai farar jallabiya da ƙaton gashin baki. In muka sauko sai ta fizge hannunta ta ruga wurinsa, ta yi ta zuba Larabcin Masar kamar rediyo. Yana ce mata "ya arusa", wato amarya, tana ja masa gashin baki. Ni kuma "Dada" take ce mini, kamar yadda yaran Masar ke kiran mai reno.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba, don in na ɓoye shi rubutun ya zama ƙarya. Ni ma na taɓa yi. Wata rana ta roƙe ni madara da yaren ubanta. Na san kalmar sarai, na ji ta fiye da sau ɗari. Madam tana tsaye a ƙofar kicin tana kallona. Ita ta ɗauke ni aiki, kuma na daɗe da gane cewa don a ƙara wa Faransanci nauyi a gidan aka ɗauko ni. Sai na kai hannu bayan kunne. Yarinyar ta dube ni, ba ta yi kuka ba, ta maimaita da Faransanci. Madam ta ce, "Yauwa, kin gane aikin." Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Da kaka ta yi, lokacin da ake ƙona karan shinkafa a ƙauyuka hayaƙi ya taso ya rufe birnin, mahaifiyar Mushe ta zo hutun wata guda. Doguwar tsohuwa ce mai tsabta, da asuba take tashi, ba ta iya ganin abu a inda yake sai ta sake masa wuri. Ƙarfe shida na yamma take cin burodi da cuku ta kuma ciyar da jikarta, Madam kuwa sai takwas take ɗora abinci mai zafi a zauna ana hira. Wata rana yarinyar ta ci sau biyu, wata rana ta ƙi duka. Tsohuwar tana jin Faransanci kamar ruwa, na kama ta tana murmushi a daidai wurin dariya lokacin da Madam ta kunna tasharsu. Amma ko "sannu" ba ta taɓa faɗa da shi ba. A tebur Mushe ne tafinta tsakanin uwarsa da matarsa, kuma daga tsawon abin da ake faɗa da gajartar abin da yake fassarawa, ko jariri ya san yana zubar da rabi a hanya.

Shi ne ya gaya mini dalili. Tana yarinya an kai ta aikatau gidan wasu masu kuɗi masu Faransanci, aka hana ta yarenta ko a kicin, 'ya'yan gidan suna kwaikwayon bakinta. Kafin nan a makaranta ma, ya ce, akwai wani ɗan katako da ake ba wanda aka kama yana yaren gida. Ranar da ta bar gidan ta rantse ba za ta ƙara yin Faransanci ba.

Wallahi na ji tausayinta. Na ce ashe ita ma ta san ƙahon rago. Na nemi gaisuwar safe ta yarensu a waya, na yi ta maimaitawa a mikrobas tun daga Faisal har gada. Da na gaishe ta, ta cire tabarau ta dube ni, ta shiga ɗaki ta ɗauko mini cakulan. Madam tana ji. Da muka haɗu a kicin ta ce, "Ke ma?" Kwana biyu ba ta manna mini kumatu ba.

Ranar Talata ce, bayan la'asar. Mushe yana ofis, Madam ta fita da jakarta. Hayaƙin ranar ya yi yawa, har a harshe ana jin ɗacinsa. Na bar yarinyar tana zane a falo kusa da kakarta, na yi sallah a ɗan ɗakin da ke bayan kicin, na fita barandar baya na kwashe shanya don kada ta ɗauki wari. Na shigo falo da kwandon kaya a kwankwaso.

Yarinyar tana tsaye gefen kujerar tsohuwar, ta riƙe bakin tebur da hannu biyu, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Da wata 'yar murya kamar ta sauro take cewa, da Faransanci, "Ba na iya numfashi." Tsohuwar tana duban jaridarta, biro a hannun dama, hannun hagu kuma a bayan kunne. Murmushi ma take yi, irin na mai wasa da jika.

Ban san sau nawa yarinyar ta faɗa kafin in shigo ba. Na ga bakinta yana motsi tana neman kalmar a yaren ubanta, kuma ba ta da ita. Daga baya na gane dalili. Ciwo a gidan nan sashen Madam ne. Ita ke kai ta likita, ita ke zama da ita in ta yi zazzaɓi. Da yaren ubanta ta san sunan keke da jirgin ƙasa da dukan dabbobin daji, amma ba wanda ya taɓa koya mata yadda ake cewa numfashi ya ƙi.

Na saki kwandon. Na ruga kicin na miƙa hannu kan firij. Wayam. An goge wurin tas, har yana ƙyalli. Da safe na taɓa kwandon da hannuna, tsakanin safe da la'asar tsohuwar ta yi gyaranta.

Na dawo da gudu. Lokacin ta ɗago ta ga fuskar jikarta, jaridar ta faɗi. Na ce wa tsohuwar, "Madam, maganin da ke kan firij, ina kika sa shi?" Sai ta ɓarke da magana da yarensu, da sauri, tana nuna nan tana nuna can. Na ce, "Da Faransanci, don Allah, da Faransanci!" Ta buɗe baki. Na ga harshenta. Ba abin da ya fito. Ta sake komawa yarensu, da ƙarfi wannan karon, kamar ƙarfin murya ne zai sa in ji.

Har yau ban sani ba, ruɗewa ce ta ɗauke mata Faransancin ko rantsuwar ce ta riƙe shi. Na juya abin nan a kaina ya fi a ƙirga. In na ce ruɗewa ce sai in tuna yadda ta buɗe baki ta rufe. In na ce rantsuwa ce sai in ce wane irin mutum ne zai yi haka.

Na zazzage aljihun tebur biyu a ƙasa, cokula da batura da kyandir. Leɓen yarinyar ya fara canja launi. Na saɓa ta a kafaɗa na fita, ba takalmi, ba hijabi, ɗankwali kawai. Asansa yana can sama wani ya riƙe shi. Na bi matakala, hawa huɗu, ina jin ƙirjinta yana kuka a kunnena kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Kuma, Allah Ya yafe mini, a kan matakalar nan ba ita kaɗai nake tunani ba. Muryar Yaya nake ji. Ina ganin kaina a ofishin 'yan sanda, baƙar yarinya marar takardar aiki, an ce 'yar Turawa ta mutu a hannunta, tsohuwar kuma tana ba da labari da yaren da ba zan iya ƙaryatawa ba.

Bawwab yana kan bencinsa yana shan shayi. Na ce, "Ya ammu, bakhakha!" Bai tambaye ni komai ba. Ya kife kofin, ya karɓe ta, ya kama bakin jallabiyarsa da haƙori, ya ruga. Dattijo mai jikoki, ban iya cim masa ba. Akwai kantin magani a kwanar layin. Matar da ke ciki ta ɗago ta gani, ta juya ta fizgo kwali, ta yage shi da haƙori, ta zagayo ta durƙusa. Tana fesawa tana cewa, "Yalla ya habibti, ja, ja, ƙara ja." Ni ina tsaye ina ta salati, ƙafata tana jini ban ma sani ba.

Numfashin ya dawo a hankali, kamar ana janyo guga daga rijiya mai zurfi. Abu na farko da ta ce da Larabci ta faɗe shi, wa bawwab, wai ya zubar da shayinsa. Ya ce, "Ma'alish ya arusa, ke za ki dafa mini wani." Sai ga hawaye a gashin bakinsa.

Nan tsohuwar ta iso, tana haki, da shuɗin bakhakhan a hannu. Ashe a kabad ɗin banɗaki ta sa shi, cikin wani akwati da ta rubuta wa suna, don a wurinsu can ake ajiye magani. Ta rungume jikarta tana kuka, kukan gaske, ba na ƙarya ba. Mai kantin ta ce a kai ta asibiti a duba, bawwab ya fita tsayar da tasi. Sai tsohuwar ta kamo hannuna ta ja ni gefe, ta ce mini, da Faransanci tatacce wanda ko malaminmu na lise bai kai shi ba:

"Na gode, 'yata. Ina roƙonki, zancen hannun nan, kada surukata ta ji."

Na dube ta. Ashe Faransancin yana nan. Minti goma da suka wuce na roƙe ta shi ban samu ba, yanzu da buƙatar ta zama tata ga shi ya fito sumul, ko tuntuɓe babu. Na fita bakin titi na yi amai a gindin bishiya.

Ban gaya wa Madam ba. Yarinyar ce ta nuna mata a asibiti, ta kai ɗan hannunta bayan kunne ta ce haka Oma ta yi, wato kakarta. Da magariba aka sallame mu. A mota suka fara da Ingilishi, kafin mu kai gida kowa ya koma yarensa, su uku suna ihu ba mai jin wani, yarinyar tana kan cinyata ta rufe ido, kuma na san ba barci take ba.

Washegari Madam ta kira ni ɗakinta, ta ajiye waya a kan gado ta ce in faɗi duk abin da na gani, za ta ɗauka. Idonta ya kumbura da kuka, amma akwai wani haske a ciki da ban so ba, irin na wanda ya daɗe yana neman sanda ya samu. Ta ce, "Ba ki ga abin da mutanen nan suke ba? Gara jikarta ta mutu da ta ji Faransanci!"

Ban san inda na samu bakin ba. Na ce, a hankali, "Madam, ke ma kina yi. Ni ma kin sa na yi."

Ta dube ni kamar kujera ce ta yi magana. Ta ce, "Ba ɗaya ba ne. Faransanci ai kowa yana ji."

Da rana Mushe ya dawo da wuri, ya same ni ina guga. Ya yi mini godiya sosai, a tsaye, hannu a aljihu. Sannan ya ce yana so ya fahimci abu ɗaya, lokacin da abin ya fara, ina nake? Sallar nan minti nawa take ɗauka? Shanya ba za ta iya jira ba? Ya ce mahaifiyarsa tsohuwa ce, ba ita aka ɗauka reno ba. Zai fita sai ya juyo.

"Af, takardunki na zama, lafiya dai ko? Tambaya kawai nake."

Na ji dutsen gugar ya yi mini nauyi a hannu. Na ce lafiya lau.

Abin da suka yi don kada a sake shi ne, suka yanke shawarar liƙa takardar gaggawa a jikin firij, inda magani yake da lambar likita. Kwana biyu suna gardamar wane yare ne zai hau sama. A ƙarshe takarda biyu aka liƙa, gefe da gefe, kuma na ga Mushe da idona yana daidaita su da rula don kada ɗaya ta ɗara ɗaya. Zancen hannu kuwa ba wanda ya ce a daina. Da safen Jumma'a na ga Madam ta yi, a kan ruwan lemo.

Na gaya wa Yaya komai. Ta ce, "Khalas. Ba ki komawa." Na roƙe ta in ƙarasa satin.

A bakin titin Faisal na sayi usur, irin na alƙalin ƙwallo, na sa masa zare. Ranar ƙarshe, da na zo rataya wa yarinyar a wuya, sai ƙahon ragon nan ya faɗo mini. Amma na rataya. Na ce mata, da Larabcinmu na ni da ita, "In ƙirji ya matse, kada ki nemi magana. Ki hura wannan, ko kaɗan ne. Ba wanda zai ce bai ji ba." Ta hura, ta yi dariya, ta ƙara hurawa. Ta ce, "Dada, gobe za ki zo?" Na ce mata tamam. Ƙarya na yi mata, kuma ita ce maganata ta ƙarshe da ita.

Bayan kwana goma ina neman katin waya a ƙasan jakata sai na taɓo bakhakha, wanda matar kantin ta buɗe ranar nan. Ban san lokacin da na jefa shi ciki ba. Na zauna da shi a hannu har aka kira azahar. Sannan na sa hijabi na hau mikrobas. Ban yi niyyar hawa sama ba, kuma ban hau ba. Ko ɗaga kai ban yi in dubi barandar ba.

Bawwab ya tashi ya ba ni bencinsa, ya aika a kawo shayi. Ya ce tsohuwar ta ƙara sati biyu a kan hutunta, an kuma kawo sabuwar mai reno, wadda ba ta jin ko ɗaya daga cikin yarukan biyu, wai da haka aka raba gardama. Na ce, usur fa?

Ya shafa gashin baki. "Sun cire, ya binti. Kwana uku ya yi. Madam ta ce yana hana ta koyon magana, tsohuwar ma ta ce haka. Tun da suka zo ginin nan ban taɓa ganin matan nan biyu sun yarda da abu ɗaya ba sai ranar."

Na miƙa masa bakhakhan. Na nuna masa yadda ake girgizawa da yadda ake dannawa, kamar yadda aka nuna mini. Ya gwada a iska sau ɗaya, ya ɗaga jallabiya ya sa shi a aljihun 'yar shararsa ta ciki, inda yake ajiye makullan ginin, ya maɓalle.

Na ce, "Ya ammu, hawa huɗu ne tsakaninku. Ta yaya za ka sani?"

Ya ce ya koya mata ta leƙo ta tagar matakala ta kira shi. Ya ce duk bayan la'asar yana matsar da bencinsa ƙarƙashin tagar, kuma ya rage ƙarar rediyo.

Na shanye shayin na tashi. A mikrobas ɗin komawa wata mata ta zauna kusa da ni da ɗanta a cinya, yaron ya yi tari sau biyu. Hannuna ya shiga jaka ya yi ta lalube, babu komai a ciki sai kati da carbi.